Sharhi Kan Samfurin Roba Na Koyar Da Sitoskeleton

An ƙera wannan samfuri ne domin ɗaliban ilimin halittu, kuma ya sha bamban da waɗanda aka saba gani, inda ake nuna nukiliyas (cibiyar ƙwayar halitta) da sauran sassan ƙwayar halitta suna reto ba tare da abin da ke riƙe da su ba. A nan an fito da sitoskeleton, wato saƙar zaruruwan furotin da ke ba ƙwayar siffarta, cikin wani ƙwallo garai-garai da ake buɗewa gida biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka kiyaye bambancin kaurin zaruruwan uku. Zaren aktin, wanda a zahiri kaurinsa bai wuce kimanin nanomita 7 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), an yi shi ja siriri, aka shimfiɗa shi dab da fatar ƙwayar, inda dama ya fi yawa. Matsakaitan zaruruwa irin su keratin, masu kimanin nanomita 10, an tufka su kamar igiya, kuma hakan ya dace da aikinsu na jure ja. Maikrotubul kuwa, mai nanomita 25, bututu ne da ke tasowa daga sentrosom, wata matattara da ke kusa da nukiliyas, har an haɗo da wani babban guntunsa wanda ɗalibi zai riƙe a hannu ya ƙirga layukan furotin ɗin tubulin 13 da suka kewaye raminsa.

Sai dai akwai gyara, kuma ba ƙarami ba ne. An sanya ɗan siffar kinesin, furotin mai jigilar kaya a cikin ƙwaya, ɗauke da kaya a kan maikrotubul, amma ana iya tura shi gaba ko baya yadda aka ga dama, alhali yawancin nau'o'in kinesin suna nufar bakin bututun da ya fi saurin tsiro ne, da takun nanomita 8, kowane taku yana cin ATP ɗaya, wato makamashin ƙwaya. Dainin, furotin ɗin da ke dawo da kaya zuwa tsakiyar ƙwayar, ba a ma kawo shi ba.

Babbar matsalar ita ce roba ba ta motsi. Tun a 1984 Tim Mitchison da Marc Kirschner suka nuna cewa maikrotubul kan yi ta tsawo, sannan kwatsam ya soma wargajewa, kuma da wannan hali ne yake kamo kuromosom, wato ƙunshin bayanan gado, lokacin rabuwar ƙwaya. Shi ya sa maganin daji na Taxol, wanda ke hana shi wargajewa, yake tsayar da rabuwar. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ba ta ce uffan ba a kan wannan, kuma ina ganin ɗalibin da ke karatu shi kaɗai zai tashi da zaton cewa zaruruwan a kafe suke.

Malamin da zai haɗa samfurin da bidiyon ƙwaya mai rai zai ci moriyarsa sosai, muddin ya riƙa sa ido kan zaren aktin, domin yana saurin tsinkewa a mahaɗarsa idan hannaye suka yi yawa.