Gyaran tiyoyin iska na Fijo 504 ɗina a wajen Ƙofar Ƙaura, Katsina

Motar ta marigayi mahaifinmu ce, Fijo 504 haɗin Kaduna ƙirar 1982, kuma ba ni da niyyar rabuwa da ita. Wata uku ta yi tana wahalar da ni. Sulo ba ya zama, da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu, mai kuwa kamar zubar da shi ake yi. Gareji biyu na kai ta, aka wanke kafireta, aka canza filogi, aka karɓi kuɗi, jiya i yau. Hankalina bai tashi ba sai ranar da muka nufi Daura da iyali. Gab da Mashi akuya ta gifta, na taka birki na ji shi ƙam kamar dutse. Allah ne kawai ya kiyaye.

Wani abokina ya kai ni wurin wani dattijon bakanike a wajen Ƙofar Ƙaura. Bai ɗauki sifana ba. Ya ce in tayar da ita, ya kara kunne, ya ce, "Alhaji, motarka iska take sha ta inda bai kamata ba." Na ce, "Baba, ku duba da kyau, an ce mini kafireta ce." Sai ya kama hannuna ya ɗora a kan katon tiyon da ya tashi daga bututun shigar iska na inji zuwa baƙin tulun da ke ƙara wa birki ƙarfi. Na ji tsotso a yatsana ta wata tsaga. Ashe tiyon ruwa wani ya sa a wurin, in ya ɗauki zafi ya lotse, har ya tsage.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne siririn tiyon dilko, wato abin da ke rarraba wuta zuwa filogi. Wurinsa ɗan bututun da ke jikin kafireta, wanda ba ya zuƙa sai an taɓa totur. Wani ya toshe shi da ƙusa, ya mayar da tiyon inda ake zuƙa kullum, sannan ya murɗa dilkon don ya rufe ɓarnar. Baba ya cire tiyon ya tsotsa da baki, muna kallo farantin cikin dilko ya motsa, ya ce robar ciki lafiya lau take. Ya saita wuta tiyon na cire, ya mayar da shi mazauninsa. Inji ya kwanta luf, irin sautin da na sani tun ina yaro a kujerar baya. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ya kuma koya mini gwaji: a taka birki sau huɗu ko biyar inji na kashe, a riƙe, a tayar. In feda ta ɗan nutse, tulun na aiki.

Sai dai ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci daga baya. Aikin da ya ce na yini ɗaya ne ya ci kwana uku, wai ana neman tiyo mai kauri. Na yi haƙuri da wannan. Amma yaransa sun ɓatar da ƙarafan ɗaure tiyo na asali, waɗanda suka zo da motar, suka naɗe bakin da waya. A kan birki fa! Ga tabon baƙin mai a kujerar gaba, wadda mahaifina ya yi shekaru yana lulluɓewa da tawul. Da na yi magana, Baba ya yi wa yaron faɗa, ya sa aka sayo sababbin ƙarafa, amma tabon har yau bai fita ba.

Zan koma wurinsa, don kunnensa babu irinsa a waɗanda na gwada. Amma kujera zan ɗauka in zauna a gefen motar har a rufe bonet.