Firizar sola da na saya a Gombe: rana ta cika alkawari, batir ya ba ni kunya

Kunun aya ba ya jiran kowa. In ka dama shi da safe bai samu sanyi ba, kafin la'asar ya fara tsami, kafin magariba gorar ta kumbura kamar za ta fashe. Shekara bakwai ina wannan sana'a a gidana a Pantami, kunun aya da zoɓo da lamurje, kuma asarar da na tafka a watan Afrilun 2024 ban taɓa yin irinta ba. Lokacin ne ɓarayi suka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, muka shafe makonni cikin duhu, ga zafin bazara yana dukan mutum har cikin ɗaki. Janareta ina da shi, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama kishiya, duk abin da na samu sai ya raba da ni, kuma nasa kason ya fi nawa. Ranar da na zubar da gora sittin a kwata, yarana na tsaye suna kallona, ranar na ce wa maigida ko dai sola ko in bar sana'ar.

Da kuɗin adashena da ɗan abin da Hammana, wato yayana, ya ranta mini na sayi firiza mai cin lita 200 a wani shago kusa da babbar kasuwa. Irin wadda ba ta buƙatar inbata ce, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta NEPA, kai tsaye take shan wuta daga batir. Aka haɗo mini da faifan sola biyu masu wat 300 kowanne, da batir biyu, da 'yar na'urar da ke daidaita caji, wadda masu aikin suke kira kwantirola. Mai shagon ya ce, "Hajiya, kin rabu da fetur har abada." A wannan kam bai yi ƙarya ba. Tun ranar da aka ɗaura ta ban sake sayen ko lita ɗaya don sanyi ba, kuma da fetur ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024 sai dai na ji a bakin maƙwabta.

Firizar kanta ba ni da abin cewa sai yabo. Ba ta da ƙara, in ba ka ɗora hannu a jikinta ba ba za ka san tana aiki ba. Bangonta ya fi na tsohuwar firizata kauri, murfin kuma yana kamawa gam. A watan Oktoban 2024 da wuta ta sake ɗaukewa a kusan duk Arewa sama da mako guda, gidana ya koma kamar asibiti. Wata maƙwabciyata ta kawo allurar ciwon suga ta mahaifiyarta a cikin gwangwani, muka sa ta a cikin kula tare da ƙanƙara ɗaya naɗe da tsumma don kada ta daskare, kullum da safe in sauya mata sabuwa. Masu nama, masu miya, har da wadda ba ta gaishe ni tun rikicin bikin 'yarta, duk sun yi sallama.

Sai dai mai son sana'ar ƙanƙara zalla ya saurare ni. Wannan firiza ba doki ba ce, jaki ce, tana kai kaya amma da nata takun. Ledar fiya wata ɗaya mai guda ashirin tana daskarewa a yini in rana ta buɗe sosai. Ka zuba uku a lokaci guda, sai ka jira kwana biyu, kuma kunun da ke ciki shi ma zai ji a jikinsa. Da na gane haka sai na sauya tsari: ina jera robobin ruwa a ƙasa su zama dutse, ba na taɓa su, su ne ke riƙe sanyi cikin dare. Sabon kaya da hantsi nake sawa, lokacin da rana ke biyan kuɗin. Bayan isha'i kuwa ko wa ya zo, abin da ke cikin kula zai samu, murfin firiza ba ya buɗuwa.

Yaron da ya zo ɗaurawa ya so ya ba ni haushi tun ranar farko. Akwai icen dogon yaro a tsakar gida, maigida ya dasa shi lokacin da aka raba irin itatuwa a shirin Gombe Goes Green, yanzu ya wuce kwanon ɗaki. Yaron ya ɗaga kai ya ce, "Adda, wannan sai an sare shi, inuwa ko ta rufe gefen faifai ɗaya ce tana rage wutar sosai." Maganarsa gaskiya ce, daga baya na gani da idona a lambobin kwantirola. Amma na ce masa a ƙarƙashin bishiyar nan nake wanke aya, nan yara suke karatun allo, ya nemi wata dabara. Ya yi ta ƙunƙuni, ya ƙara waya, ya mai da faifan kan rufin zaure. Wayar da ya ƙara siririya ce, tana ɗumi da rana, sai da wani ya zo ya sauya ta da mai kauri.

Hunturu ma ya koya mini darasi. A watan Janairu sanyin firizar ya ragu, na ɗauka ta lalace. Da ɗana ya hau rufin, da yatsa ya rubuta sunansa a kan faifan, ƙura ta yi masa bargo. Yanzu duk bayan kwana uku da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi, yana hawa da bokiti da tsumma mai laushi. Babu wanda ya faɗa mini wannan a shago, kuma takardar da ke cikin kwalin da Turanci take, da ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa.

Inda aka cuce ni shi ne batir. Wata tara kacal suka yi. Ana saura kwanaki a ɗauki azumin 2025, lokacin da duk mai sana'ar sanyi yake jira shekara guda, firizar ta fara mutuwa da ƙarfe ɗayan dare, sai rana ta fito ta farfaɗo. Na koma shagon da rasit. Mai shagon ya juya takardar, ya nuna mini cewa garantin shekara biyu na firiza ne, na batir wata shida. Ya ce, "Hajiya, ai ke ce kike zuƙe shi har ƙasa." To wa ya saita kwantirolar? Mai gyaran da Hammana ya turo mini shi ya fayyace mini: irin wannan batir mai dalma a ciki ba a son a sha fiye da rabinsa, in ana ƙarar da shi kullum tsufa yake da wuri, zafin ɗaki kuma yana ƙara kashe shi. Na'urar tana da wurin da ake saitawa ta yanke wuta kafin a kai nan, ba a taɓa wurin ba. Ya kuma ɗaga batir ɗaya da hannu guda, ya yi dariya, ya ce, "Adda, mai amfiya ɗari na gaskiya ba ya ɗaguwa haka." Amfiya ita ce ma'aunin cajin da batir ke ɗauka, ashe takardar da ke manne a jiki daban, abin da ke ciki daban.

Ribar azumin gaba ɗaya da ɗan kunnena na zinari suka tafi a batir lithiyam guda ɗaya. Tsada kam akwai ta, amma ana iya shan mafi yawan cajinsa ba tare da ya ji ciwo ba, kuma tun da aka sa shi firizar ba ta sake yin shiru da dare ba, har a damina da hadari ke rufe rana kwana biyu. Da na san haka tun farko, da na sayi firizar a shagon, batir kuma in tafi da wanda ya sani, a auna shi a gabana. Shagon zan iya komawa don firiza ko faifai. Batir kuwa ko kyauta ne na gode.

Tsofaffin biyun suna nan a bayan ɗakin girki. Wani ɗan gwangwan ya taya, har mun kusa daidaitawa, sai na tambaye shi yadda suke yi da ruwan ciki. Ya ce fasawa suke su tuttular a ƙasa, dalmar kawai ake so. Rijiyarmu ba ta fi taku goma daga ƙofar gida ba, na ce ya bari tukuna. Mai gyaran ya ce akwai dilan da ke kwasar su a rufe ya kai kamfanin da ke narkarwa, zai zo da shi ranar Asabar. Asabar uku ke nan.