Tsohuwar Renault 4 a Yamai: cikakken gyara ko lallaɓawa

Wanda ya sayi tsohuwar Renault 4, ƙaramar motar Faransa da aka fara ƙerawa a 1961, yana da zaɓi biyu: ya mayar da ita sabuwa fil, ko ya gyara abin da zai sa ta tashi kawai.

Cikakken gyara yana nufin a raba gangar jikin da firam, wato ƙashin ƙarfen da jikin ke zaune a kai, a sauke inji, a sake wayoyi da kujeru, sannan a yi fenti. Aikin yakan ci watanni, kuma tunda an daɗe da daina ƙera motar, kayan gyaranta sai an yi odarsu daga Turai ko an cire daga wata matacciya. Sau da yawa kuɗin yakan zarce abin da za a taya ta.

Lallaɓawa ta fi sauƙi, domin busasshen yanayinmu bai cika kawo tsatsa ba. Rana da ƙura ne ke cinye robobi da lagireto. A ganina, idan firam ɗin lafiya yake, a fara da birki da tayoyi, fenti ya jira. Idan kuwa ya ruɓe, cinikin ma bai kamata ba.