Matatar ruwa ta zuƙa da baki: tana tare matsattsaku, amma dabbobi fa?

Masu tambaya ta kan matatar nan mai kamar guntun bututu da ake ratayawa a wuya, wadda za ka tsoma a rafi ka zuƙa kai tsaye, to ga abin da na gani. Ni dai dalilin sayenta ɗaya ne, matsattsaku. Ba irin mai kama ƙafa nake nufi ba, wannan da sauƙi, ka zura farce ƙarƙashin bakinsa ka ture shi ya faɗi. Wanda ke ba ni tsoro shi ne na cikin ruwan sha, irin su Limnatis nilotica, ƙanananshi sirara ne sosai ba za ka lura da su a ruwa mai gauraye ba, kana kamfata da hannu ka kurɓa sai ya wuce ya liƙe a maƙogwaro ko can cikin hanci ya yi ta shan jini har makonni yana ƙara girma, babbanshi kan kai wajen santimita 10. Kuma yawunshi na hana jini daskarewa, shi ya sa za ka ga mutum yana ta haɓo ko tofar da jini ana ta zaton tarin fuka ne. Ko sojojin Napoleon na Faransa sai da ya gasa musu aya a hannu a Masar a 1799 da ƙishi ya sa suka sha ruwan kududdufai.

To a nan kam matatar ta yi wlh. Ramukan tacewarta maikiron 0.2 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), bakteriya ma ba ta wucewa balle tsutsa mai jiki. Ba batir, ba nauyi, ka jefa a aljihu.

Amma fa zuƙar akwai aiki. In ruwan na da laka sai ka ja har kumatunka su gaji kafin ɗan kaɗan ya zo, dole in ka gama ka hura iska ta baya dattin ya fita in ba haka ba gobe ta toshe. Ga shi sai ka kwanta rub da ciki a bakin ruwa, ni yanzu ɗiba nake a kofi in tsoma ta ciki, ya fi mutunci. Sannan kar wani ya ɗauka tana tare bairos ko maganin feshi, ba ta yi.

Inda ta gaza gaba ɗaya shi ne dabba, alhali su abin ya fi kamawa tunda saniya baki take tsomawa ta ja ruwa da yawa lokaci guda. Za ka gan ta tana dalalar da yawu mai jini, ta ƙi kiwo, numfashi na fita da gurnani, in sun taru da yawa a maƙogwaro har shaƙe ta suke yi ko jininta ya ƙare ta rame. Su sai dai a ɗebo ruwan a tace da ƙyalle mai ƙananan ido a zuba a kwamin shayarwa. In kuma ya riga ya shiga dan Allah kar a fizge shi da ƙarfi, santsi gare shi kuma wurin zai yi ta zubar jini, a kira likitan dabbobi ya ciro shi da hantsaki. Mutum ma haka, asibiti kawai.

Na ba ta tauraro 4 cikin 5, ɗayan na cire saboda toshewar nan.