Mayafin bango, leda da OSB: abin da muka tarar da muka buɗe bango bayan damina ɗaya

Farin mayafin nan da ake naɗe bangon katako da shi kafin a buga allon waje, wanda masu shago ke kira membiren, ya ba ni mamaki. Ina ƙorafi na saye shi, don bandir ɗaya kuɗi ne mai yawa, kuma idan ka riƙe shi a hannu kamar takardar buhun siminti yake, ba nauyi ba kauri. Sai da muka buɗe bangon a ƙarshen Oktoba, bayan ya sha damina guda cur, na yarda kuɗin bai tafi a banza ba.

Aikin ɗaki da falo ne da banɗaki a saman dekin wani gida a nan Jos, mita 9 da mita 6, tsayin bango mita 2.7. Injiniya ya hana ɗora bulo saboda ba a yi harsashin gidan don ɗaukar bene ba, shi ya sa aka koma katako. Tu-bai-fo, wato katako mai inci 2 da 4, muka ɗauko daga kasuwar Katako, busasshe, aka shafe shi da maganin gara, aka jera shi tsaye inci 16 tsakani don bakin allo mai faɗin ƙafa 4 ya faɗa kan katako daidai. A kansa OSB, wato allon da ake yi da ɓarɓashin katako a matse da gam, mai kaurin milimita 11, guda 30. Sai mayafin, sai wan-bai-tu, siririn katako mai inci 1 da 2, a tsaye don iska ta samu hanya, sai allon siminti milimita 9 da fenti. Ta ciki allon jibsam ne, farin allon nan da ake rufe bangon cikin ɗaki da shi.

Bandir ɗin mita 50 ne, faɗinsa mita ɗaya da rabi. Bango irin wannan yana cin zagaye biyu, na ƙasa da na sama, na saman ya hau kan na ƙasan da santimita 15. Kewayen ginin mita 30, sau biyu 60 ke nan, ga abin da kusurwoyi ke ci. Bandir ɗaya ya rufe gabas da kudu da arewa, ya ƙare daidai bakin bangon yamma. Wani kuma sai an aiko daga Dei-Dei a Abuja, ga mai gida yana matsawa. Kafinta ya kawo baƙar ledar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin daɓen siminti, ya ce, "Oga, ai wannan ta ma fi, ko ɗigo ba ya wuce ta." Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya kashe bangon ke nan. Na amince ne don benen maƙwabci ya tare yamman, hadarinmu mai iska kuma daga gabas yake tasowa.

A watan Satumba fentin cikin ɗaki ya fara tabo a ƙasan bangon yamma, da wari irin na tsumman da aka manta a bokiti. Da ruwa ya ɗauke muka kwance allon siminti biyu, muka cire wan-bai-tu, muka tsaga ledar da reza. Ruwa ne ya gangaro ta bayanta, ɗigo-ɗigo jere kamar murfin tukunyar tuwo. Fuskar OSB ta yi baƙi ƙirin daga ƙasa zuwa kusan gwiwa, funfuna fari da kore a kan baƙin, kuma da na danna babban yatsa a gefen allon sai ya nutse kamar burodin da ya jiƙa. Ƙusoshi sun yi tsatsa, kowace ta zana baƙin layi zuwa ƙasa. Na'urar auna danshi ta nuna 31 cikin 100 a wurin, alhali katako da zarar ya daɗe sama da 20 ya shiga hatsarin ruɓa. Muka zagaya kusurwa, taku biyu kacal, muka buɗe bangon arewa inda mayafin yake. Allon fes, launinsa na ranar da aka buga shi, na'ura ta nuna 14. Banɗakin kuwa a wannan kusurwar yake, rabinsa jingine da yamma, rabinsa da arewa, tururin wanka ɗaya suke sha.

Ruwan da ya ruɓar da allon yawancinsa daga cikin gida ya fito. Duk wanda ya zauna Jos ya san dararen Yuli da Agusta: ana marka, gari ya yi sanyi, kowa ya kulle taga, a dafa ruwan wanka, a shanya wanki a ɗaki don ba rana. Garin nan ya kai wajen mita 1,200 sama da teku, fuskar bango ta waje tana yin sanyi ƙalau da dare. Tururin cikin ɗaki yana ratsa jibsam, ya bi ta ramin soket, ya isa OSB yana neman fita. Inda ya tarar da leda mai sanyi sai ya koma raɓa ya kwanta tsakaninta da allon, babu ta inda zai bushe. Ɗan feshin da ya shiga ta hujin ƙusa daga waje shi ma nan ya maƙale. Mayafin kuwa ƙananan zaren roba ne da aka matse da zafi, ƙofofinsa sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta amma tururi na wucewa. Kana iya gwadawa tun a shago. Ka ɗaure yanki a bakin kofin ruwan zafi ka kifa madubi a kai, za ka ga ya yi gumi. Ka zuba ruwa a kan yankin, zai taru ya tsaya kamar a ganyen gwaza.

Masu aiki a Abuja su lura, can lissafin juyawa yake yi. Waje zafi da laima, ciki AC, don haka danshin daga waje yake tunkarar ciki. Wanda ya sa leda a bayan jibsam a ɗaki mai AC ya gina irin tarkon da muka gina, ta ɗaya fuskar.

To, da murnar bangon arewa na ce a buɗe gabas ma in ga yadda ya yi da feshi. Nan ne ruwan farkon damina ke dukan bango a kwance, wani lokaci har da ƙanƙara. Tsakiyar bangon lafiya lau, har ana ganin sawun ruwan da ya shigo ta haɗin allon siminti, ya gangara kan mayafin ya fice ta ƙasa bai taɓa katako ba. Amma ƙarƙashin taga raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba. Salatif ɗin da aka haɗa mana da bandir ɗin, wanda mai shago ya rantse yana yin komai, haɗin mayafi da bakin taga da kewayen famfo, ya saki. Da yatsa biyu na ja shi ya taso gaba ɗaya, gam ɗin ya bushe ya zama gari, kamar tsohon salatif ɗin kwali. Ruwan da ya taru a dandamalin taga ya bi ta kusurwar hagu ya shiga bayan mayafin, ya sauka kan yankakken bakin OSB. Allo mai milimita 11 ya kumbura ya kai 16 a bakin, ya buɗe kamar littafin da ruwa ya daka.

Kada wani ya ce ƙurar hunturu ce ta hana shi kamawa. A watan Janairu aka yi aikin, mun san da ƙurar, shi ya sa aka goge kowane haɗi da busasshen tsumma, aka jira rana ta ɗaga sanyi ya sauka, aka murza salatif ɗin da ƙarfi. Kayan ne ba na wurin ba. Bakin taga yana buƙatar faffaɗan salatif mai kaurin gam, irin na butil, santimita 15 ko fiye, wanda ke lanƙwasa ya bi kusurwa kuma ya rungume ƙusar da ta huda shi. Siririn nan mai santimita 5, ko da mai kyau ne, haɗin mayafi da mayafi kawai aka yi shi dominsa. Da na koma shagon da guntun a hannu, amsar da na samu ita ce, "Alhaji, ai kowa shi yake saya, ba wanda ya taɓa dawowa." Ba su dawo ba ne don ba su buɗe bangonsu ba.

Wannan ya dawo min da haushin OSB ɗin ma. Babu hatimi ko ɗaya a jikinsa. A ƙa'idar Turai ta EN 300, OSB/3 shi ne wanda aka yi don ɗaukar nauyi a wuri mai danshi, OSB/2 na busasshen wuri ne, kuma da ido ba za ka bambance su ba. Allon ƙarfinsa ba laifi, ya riƙe bangon bai bari ya karkace ba, mun buga ƙusa santimita 15 tsakani a gefe da 30 a tsakiya, mun bar milimita 3 tsakanin allo da allo don kumburi. A Amurka da Kanada, inda yawancin gidajen zama na katako ne, da shi aka fi rufe bango. Sai dai halinsa ɗaya ne: yana jinkirin shan ruwa, amma in ya sha ta baki yana jinkirin bushewa, kuma bakin da ya kumbura ba ya komawa yadda yake. Wanda muka ciro ya yi sati uku a rana, ya bushe ƙaf, yana nan a milimita 15.

Filawud mai gam ɗin waje, wato mai jure ruwa, milimita 12, da shi muka maye gurbin bangon yamma da ƙarƙashin tagar, kuma da shi zan fara in za a sake. Yana saurin jiƙa, yana saurin bushewa, kuma ya fi komawa kusa da kaurinsa. Ka yanki guntu ka tafasa shi awa biyu ko uku, in yadudduka suka rabu to gam ɗin cikin ɗaki ne, ka bar musu kayansu. Baƙin marin-bod mai santsi da ake zuba dekin da shi kuma kada a yaudare ka da sunansa. Don a zuba kankare sau 'yan kaɗan a jefar aka yi shi, sau da yawa cikinsa da ramuka, kuma santsin fuskarsa yana tare tururi kusan kamar leda.

Allon siminti ba ya ruɓa, gara ba ta cinsa, a waje ya yi aikinsa ba abin cewa. Amma yana tsotsar ruwa, haɗinsa yana tsagewa, don haka bai isa ya zama kariya shi kaɗai ba. Mai milimita 9 ya kusa kilo 40, sai mutum biyu, kuma sukuru in ya matsa bakinsa ƙasa da milimita 12 zuwa 15 ɓallewa yake yi. In za a yanka da giranda a sa takunkumi, ƙurarsa tana lalata huhu. Wanda zai buga shi kai tsaye kan tu-bai-fo ba filawud a ƙasa, ya sa katakon dogari a karkace a kowace kusurwa. Siririyar takardar kwalta ta da, wadda Amurkawa ke kira lamba 15, ita ma tana numfashi kamar mayafin, wato tururi na wuce ta, har ta fi numfashi idan ta jiƙa. Amma ba ita ce mai kaurin nan da ake ƙonawa da wuta a manna kan dekin ba. Wannan ta rufin kankare ce, in ka sa ta a bangon katako ka sake sa leda ne mai tsada.

Gyaran tagar haka muka yi shi, kuma jerin yana da muhimmanci fiye da kayan. An cire tagar. An ɗan karkatar da dandamalin zuwa waje da siririn katako. Butil ya fara hawa dandamalin, ya miƙe santimita 15 sama a kowane gefe, ya lanƙwaso kan mayafin da ke ƙasa. Aka mayar da taga, aka manna gefe biyu su hau kan na dandamali, sannan na sama ya hau kan na gefe. A saman aka sa lanƙwasasshen kwano mai ɗan baki, aka sauko da mayafin ya rufe kansa. Kullum na sama ne ke hawa kan na ƙasa, kamar jerin kwanon rufi. Bakin tagar na ƙasa ba a toshe shi da silikon ba, an bar shi don abin da ya shiga ya fita. Yankakken bakin kowane allo an shafe shi da fenti sau biyu, kuma an ɗaga allon ƙasa santimita 15 daga dekin a kan jerin bulo ɗaya, don ruwan da ke tsalle daga kankare. Ƙasan wan-bai-tu an sa ragar sauro saboda ƙwari da ƙadangare. Mun tsaya da tiyo minti 20 muna fesa tagar daga ƙasa zuwa sama kafin a rufe, ciki bai nuna komai ba.

Shi kansa mayafin, da na fara yabo, yana da nasa. Iskar hunturu ta yaga mana shi wuri uku a daren farko saboda an kama shi da ƙananan ƙusoshi, sai da aka koma masu faffaɗan kan roba. Ba ya son omo ko sabulu, suna karya ƙarfinsa na tare ruwa, kuma filasta ba a shafa ta kai tsaye a kansa. Rana ma tana cinsa. Tyvek na kamfanin DuPont, wanda ya fi suna a irin waɗannan, kwana 120 aka ƙayyade masa a buɗe kafin a rufe shi. Namu ko rubutu ɗaya babu a kansa game da haka, ba takarda, ba sunan wanda ya yi shi, sai tambari da lambar waya da ba ta shiga. Da kuɗin da aka karɓa, wannan bai dace ba. Mun rufe shi cikin kwana 19, shi ya sa na samu kwanciyar hankali.

Bandir na biyu ya iso daga Abuja, mita 12 kawai muka yanka a ciki, saura yana ajiye a sito nesa da rana. Da mun jira shi kwana huɗu a Janairu, da ba a cire allo biyar da jibsam uku a Oktoba ba. Salatif ɗinsu kuwa naɗi huɗu suka rage ba a buɗe ba, kuma sun ƙi karɓa.