Hattara da masu tallar "cikakken saitin fitila da matata" na tankin murjani

'Yan'uwa masu kiwon kifin teku da murjani a tankin gilashi, akwai wata damfara da ke yawo a shafukan saye da sayarwa na intanet, kuma sababbin shiga ta fi ci. Mai tallar zai sa hoton tanki yana walƙiya, murjani launi-launi, ya ce yana haɗa fitilar LED da hannunsa da ƙwayoyin haske na kamfanin Cree da direban kamfanin Mean Well (na'urar da ke daidaita wutar da ƙwayoyin ke sha), ya haɗa maka da matatar ruwa, famfo, duwatsu "masu rai" (duwatsun teku masu ɗauke da ƙananan halittu) da kwalbar bakteriya masu tsabtace ruwa, duk a dunƙule. Wani ma har ya ƙara da cewa da saitinsa ba za ka sake canza ruwa ba. Sunan shagon yana sauyawa, hotunan dai su ne.

Abin da ya sa wannan cuta take tafiya shi ne ba kasafai murjani yake mutuwa rana ɗaya ba. Ranar da kaya suka iso fitila za ta kama, famfo zai juya, ruwa zai yi garau. Sai bayan mako huɗu zuwa takwas za ka ga launi ya koma ruwan ƙasa, ko naman murjanin ya fara zamewa daga ƙashinsa. Kafin nan wa'adin mayar da kaya ya wuce, kuma in ka yi magana za a ce ruwanka ne ba daidai ba. Saboda haka duk gwajin da za mu faɗa a ƙasa, a kwanakin farko ake yin sa, kafin wani abu mai rai ya shiga tankin.

Mu fara da fitilar, don a nan ƙaryar ta fi yawa.

Za a rubuta maka wat 165. Asalin wannan lamba lissafi ne kawai: ƙwaya 55 sau wat 3. Amma "wat 3" iyakar abin da ƙwayar za ta iya ɗauka ne, ba abin da ake ba ta ba. Shuɗiyar ƙwaya tana cin kamar bolt 3.1, in aka ba ta miliamfa 500 ta ci wat ɗaya da rabi da ɗoriya, duka 55 ɗin ba su kai wat 90 ba. Ka samu ƙaramar mitar nan da ake soka wa a soket, ka soka fitilar a jikinta, ka ƙure duk layukan haske, ka karanta. Fitilar da ke cin ƙasa da abin da aka rubuta ba lallai ta zama mara amfani ba, amma wanda ya sayar maka da ita da sunan tana jan wat 165 ya yi maka ƙarya, kuma wanda ya yi wannan zai yi ta gaba.

Sai ƙwayoyin kansu. Cree XT-E ko XP-G ƙaramar aba ce mai kusurwa huɗu, milimita 3.45 kowane gefe, a zaune kan tangaran, da ɗan kumburin silikon mai taushi a sama, kuma ba ta da ƙafafu a waje, ta ƙasa ake manna ta. In ka kwance murfin ka tarar da ƙwaya zagayayya mai jikin farar roba, da ƙafa biyu sun fito hagu da dama an ɗiga musu dalma, to wannan ba XT-E ba ce, ko da an buga sunan a jikin farantin da take kai. Buga suna a faranti ba wuya. Irin waɗannan ƙwayoyi marasa asali haskensu yana raguwa da wuri, kuma masu launin shunayya, waɗanda ake tallarsu da sunan UV, murfin robarsu yakan ƙone ya yi ruwan ƙasa cikin watanni.

Dalilin da ya sa launin haske yake da muhimmanci: a cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya da ke zaune, su ke sarrafa haske su ciyar da shi. Sun fi amfana da shuɗin haske, tsakanin nanomita 420 zuwa 470 (da nanomita ake auna launin haske). Shi ya sa fitilar kirki take da rinjayen shuɗi mai duhu na nanomita 450, kamar biyu ga kowace fara ɗaya, da ɗan shunayya na 410 zuwa 420. Ɗan damfara yakan cika farare da koraye da jajaye don ido ya ga haske ya yi yawa, ya kira shi cikakken haske. Idon mutum ya fi jin kore, murjani kuma ba da idonka yake ci ba. Don haka lumen, wanda ke auna haske yadda ido ke ganinsa, ba ma'auni ba ne a nan. Ma'aunin shi ne PAR, wato yawan hasken da waɗannan tsirrai ke iya amfani da shi. Murjani mai taushi da mai manyan baki suna rayuwa a 50 zuwa 150, masu rassa irin su Acropora suna son 200 zuwa 350. In mai kaya ya ce fitilarsa tana ba da PAR 800, ka tambaye shi: a nisan santimita nawa, a iska ko a cikin ruwa, a tsakiya ko a gefe? Lambar da aka auna a ƙarƙashin fitila da tazarar yatsa uku ba ta gaya maka komai game da ƙasan tanki mai zurfin santimita 50. Akwai kuma dabarar sa gilashin tattara haske mai matsatsiyar kusurwa, digiri 60 ko ƙasa, yadda tsakiya za ta ba da babbar lamba ta ƙona abin da ke wurin, gefe kuma ya zauna a duhu.

Inda abin ya fi tayar mana da hankali shi ne direba, domin nan ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, har da rai. LED mai ƙarfi tana buƙatar direba mai tsayar da yawan wutar da ke gudana, misali miliamfa 700, ba mai tsayar da bolt kawai ba. Haɗin da ya dace: ƙwaya 12 a jere ɗaya bayan ɗaya, sun ci kamar bolt 37, a kan direba irin LDD-700H, ana ciyar da shi daga akwatin wuta na bolt 48. Direban yana son rarar bolt 3 a sama da abin da layin ke ci, don haka ƙwaya 14 ce iyaka a wannan haɗi. Kowane layi kamar wat 26 ne, layi huɗu 104, sai a sa akwatin wuta na wat 150 don ya samu sarari. Abin da ake tararwa a cikin saitin jabu kuwa shi ne akwatin bolt 12 guda ɗaya, an rataya layuka da yawa a kansa kafaɗa da kafaɗa ba mai tsare kowanne. Ƙwayar LED in ta yi zafi bolt ɗin da take buƙata yana sauka, sai ta ƙara jan wuta, ta ƙara zafi, har ta ƙone. Da layi ɗaya ya mutu sauran za su bi.

Ka duba kuma ko wayar ƙasa tana haɗe da gangar jikin fitilar in na ƙarfe ne. Sau da yawa filogin mai baki uku ne, amma a ciki waya ta uku a yanke take ko ba ta ma iso ba. Mitar gwajin wuta za ta nuna maka cikin minti ɗaya: tsinke ɗaya a bakin ƙasa na filogi, ɗaya a jikin ƙarfen. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta sosai, feshinsa kuma yana hawa ya bushe ya bar gishiri a kan komai. Duk kayan tanki su bi ta na'urar da ke katse wuta in ta fara zurara, mai miliamfa 30 ko ƙasa, kuma kowace waya ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon ruwa ya faɗi ƙasa.

Farantin zuƙe zafi ba ya buƙatar dogon bayani. Ka kunna fitilar awa biyu a ƙure, ka ɗora tafin hannu a bayanta. In ba ka iya barinsa daƙiƙa biyar ba, ta haura digiri 60, kuma ƙwayar da ke ciki ta fi haka nesa. Alminiyom mai kauri da haƙarƙari yana da nauyi, falle mai kaurin murfin gwangwani ba zai yi aikin ba ko da fanka.

Yanzu matata. A tankin murjani tacewa tana farawa ne tun kafin a zuba gishiri, da ruwan RO/DI, wato wanda ya bi ta fatar tacewa (RO) sannan ta ƙwayoyin da ke zuƙe sauran sinadarai (DI), wanda mitar TDS, mai auna abin da ya narke a ruwa, za ta karanta sifili. Fatar tacewa ita ce zuciyar na'urar, kuma ita aka fi yi wa jabu, a liƙa mata takardar FilmTec, sanannen suna a fatar tacewa. Ta gaskiya tana tare kashi 96 zuwa 98 cikin 100 na abin da ya narke a ruwa, in matsin ruwan ya kai kamar psi 50. Ga gwajin: ka bar ruwa ya gudana minti goma, don na farko kullum yakan fito da datti, sannan ka auna wanda ke shiga da wanda ya fito daga fatar kafin ya isa ga ƙwayoyin DI. In 250 ya shiga, kada abin da ya fito ya wuce 10. In ka ga 40, fatar ba ta kirki ba ce ko ba ta zauna daidai ba. Kada ka auna a bakin ƙarshe kaɗai, don sabon DI zai ɓoye laifin ya nuna maka sifili na ɗan lokaci, ya ƙare da wuri, in ya ƙare kuma abin da ya fara saki shi ne silika da amoniya da fosfet. Daga nan gansakuka ta samu abinci.

Famfo: lambar da ke jikin kwali ta gudun ruwa ce ba tare da hawa ba. Ka ɗora bokitin lita 10 a tsayin da ruwan zai hau a gaske, wajen mita ɗaya da ɗan wani abu daga tankin ƙasa (ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin babban, inda famfo da kayan tacewa ke zama), ka duba agogo. Daƙiƙa 36 na nufin lita 1,000 a awa. Tankin lita 200 yana son 600 zuwa 1,000 su bi ta tankin ƙasa a kowace awa. Bayan haka ka buɗe famfon ka zaro abin da ke juyawa. Sandar tsakiya ta zama ta tangaran ko titaniyom, maganaɗisun kuma a rufe ruf cikin roba. Sandar ƙarfe za ta yi tsatsa a ruwan gishiri, maganaɗisu in ya sha ruwa ya kumbura ya fasa robar. Duk wani mahaɗin bututu mai launin zinariya, tagulla ne, akwai jan ƙarfe a cikinsa, kuma jan ƙarfe kaɗan ya isa ya kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi alhali kifi suna yawo lafiya. In ka ga kifi garau amma dodon koɗi suna faɗowa daga gilashi, ka fara neman ƙarfe a cikin ruwan. Haka silikon ɗin da aka manna tankin ƙasa da shi: na banɗaki mai maganin fumfuna guba ne a nan.

Na'urar da ke fitar da datti daga ruwa ta hanyar kumfa, wato skima, ka tambayi lita nawa na iska take ja a awa. Mai kaya na gaskiya ya san lambar.

Duwatsun "masu rai" su ma sai an duba. Akwai duwatsun da ake ƙerawa a masana'anta, ana sayar da su da sunansu, ba laifi. Damfarar ita ce a kwaɓa siminti, a shafa masa fenti shunayya ya yi kama da gansakukar dutse ta teku, a jiƙa shi, a ce daga teku ya fito. Simintin da bai gama jiƙa ba yana sakin sinadari mai ɗaga pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, kuma wanke shi yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ka sa dutsen a bokitin ruwan gishiri da ƙaramin famfo kwana uku. Ruwan da aka haɗa daidai pH ɗinsa na wajen 8.1 zuwa 8.3, in ya haura 9 to siminti ne ɗanye. Ka kankare gefe da wuƙa ma: fenti launinsa ɗaya ne ko'ina har cikin ramukan da haske ba ya shiga, gansakukar gaske kuwa dabbare-dabbare take. In kuma har da murjani mai ƙashi za a turo maka daga wata ƙasa, yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, ba ya tsallaka iyaka sai da takardar izini. Wanda ya ce zai rubuta "kayan ado" a kan kwali ya jefa ka cikin laifi.

Kwalbar bakteriya ana gwada ta da amoniya. Ka ɗiga har ta kai ppm 2 (kashi biyu cikin miliyan) a tankin da ba kifi. Tanki ya nuna ne in cikin awa 24 amoniya da naitirait (abin da bakteriya ke fara mayar da amoniya) sun koma sifili, kuma bisa al'ada hakan yakan ɗauki mako uku zuwa shida. Maganar "zuba yau, sa kifi gobe" ba a karɓarta sai kayan awo sun shaida. Ita kuwa maganar daina canza ruwa, gaskiya ne akwai gwanaye da ke yin haka, amma suna aika ruwansu ɗakin gwaji a kai a kai, suna ɗiga abin da murjani ya cinye: kalsiyom ya tsaya a ppm 400 zuwa 450, magniziyom ppm 1,250 zuwa 1,350, alkali 7 zuwa 9 a ma'aunin dKH, gishiri 35 cikin 1,000. Babu wani bututu mai cike da tsakuwa da zai mayar da waɗannan. Sabon shiga ya riƙe canza kashi 10 cikin 100 duk mako ko mako biyu.

Kafin ka biya, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka nemi bidiyon fitilar a kunne, a soke a mitar wat, murfi a buɗe, da takarda a gefe an rubuta sunanka da kwanan wata da hannu. Ka sa hotunan tallar a manhajar binciken hoto, sau da yawa za ka tarar tankin wani ne aka ɗauko. Da zarar an ce ku fita daga shafin ku ƙarasa a wani wuri, ko ka tura kafin alƙalami kai tsaye don "saura guda biyu", to kariyar mai saye ake so a raba ka da ita.

Wanda kaya suka riga suka iso masa, ya ɗauki bidiyo tun daga yanka kwali, ya yi gwajin wat da TDS da bokiti a makon farko, ya shigar da ƙorafi da hotunan mita kafin wa'adi ya cika. In sun riga sun shiga tanki kuma murjani ya fara tsukewa, a cire famfon da duk wani ƙarfe, a sa sabon gawayin tace ruwa da audugar da ke zuƙe jan ƙarfe, a canza kashi 20 zuwa 25 na ruwan sau uku cikin mako guda, a ɗebi samfuri tun kafin canjin farko a aika ɗakin gwaji su yi gwajin sinadaran ruwa da ake kira ICP don a san wane ƙarfe ne. In za a sauya fitilar da mai ƙarfi, a fara da kashi 30 zuwa 40 na haskenta, a riƙa ƙara biyar duk mako, domin murjanin da ya daɗe a duhu haske mai yawa farat ɗaya zai sa ya yi fari.