Fentin gwangwani: yadda ake gyara motar da ta koɗe a nan Ingila

Yaya, ina gaisuwa. Ka tambaya ko fentin gwangwani zai dawo da bonet ɗin da rana ta cinye. Zai dawo da shi. A nan mutane da yawa da hannunsu suke yi, don ladan mai fenti ya fi kuɗin kayan nesa ba kusa ba.

Babban bambancinmu a launi yake. A gida mai fenti da ido yake haɗawa. A nan lambar launi ake kai wa shago, tana manne a bakin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet, su haɗa su ɗura a gwangwani mai mililita 400. Sai dai lambar ta motar ce tana sabuwa, taka kuwa ta sha rana. Shi ya sa ake fesa bonet gaba ɗaya har baki, faci a tsakiya sai ya nuna.

Fara gwada man goge fenti tukuna. In dushewa ce kawai, ya isa. In fatar sama ta fara ɓarewa, a wanke, a cire maiƙo, a goge da sanfefa lamba 400 har yatsa ya daina jin gefen ɓawon. A fesa fentin shimfiɗa, ya bushe, a bi shi da lamba 800 da ruwa. A girgiza gwangwani minti 2, a riƙe shi santimita 20 zuwa 25 daga ƙarfe, launi shafi 3 marasa kauri, minti 10 tsakaninsu. Aka matsa kusa sai ya kwaranyo. Aka yi nisa, ko ƙarfen ya ɗau zafi, feshin ya bushe a iska ya fito kamar ɓawon lemu. Ƙananan ramuka kuwa maiƙo ne ya saura. Mu danshi ke damunmu, yana sa fenti ya yi fari-fari. Ku ƙura da zafi, don haka da sanyin safiya, a inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa.

Abin da na fi yaba wa mutanen nan shi ne ruwan sheƙi na 2K, wato mai haɗin sinadari biyu, wanda ake fesawa a kan launi daga ƙarshe. Ana danna maɓalli a gindin gwangwanin, sinadarin taurarawa ya gauraya, a yi amfani da shi cikin kwana 2. Fetur ba ya narkar da shi, ba kamar na 1K ba, wanda ba a gauraya masa sinadarin taurarawa. Amma hucinsa na illata huhu ƙwarai, Yaya, takunkumin kyalle ba ya tare shi, sai mai matatar sinadari.

Aiko maka ta jirgin sama ba zai yiwu ba, an hana fentin feshi a kayan fasinja. In ba ka samu 2K a gwangwani ba, ka yi gugar da kanka, mai fenti ya fesa da bindigarsa.